Lokotoro ya ce ina da kumburi a ciki, alhali cikina a lafe yake kamar faifai

Mai Kabu-kabu na Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, amma sai kun yi haƙuri na fara da labari, don in ban faɗi yadda abin ya faro ba, ba za ku gane inda ya ɗaure mini kai ba.

Shekarata shida ina kabu-kabu a nan Maraɗi. Ana sallame sallar asuba nake fita, in tsaya wajen mai shayi a bakin tasha in sha kofi guda mai kauri, wata rana da guntun burodi, wata rana haka nan. Daga nan sai hanya: babbar kasuwa, Zariya, Ali Ɗan Sofo, in an samu mai nisa har Tibiri ko Jiratawa. Duk wanda ya san ramukan da damina ke bar mana ya san abin da suke yi wa ƙugu. Bara ƙugun ya matsa mini, har ta kai in na sauko daga moto sai na dafa sirdi na ɗan jima kafin in miƙe sosai. Wani abokin sana'a ya kai ni wajen mai tebur ya nuna mini wata ƙwaya, diklofenak, ya ce biyu da safe sun isa. Ba zan yi ƙarya ba, ta yi aiki. Sai na mai da ita kamar goro: biyu da safe bisa shayi, biyu da la'asar, in ta ƙare wajen mai tebur in karɓi ibuprofen. Wata bakwai ina haka.

Tun watan jiya sai wani zafi ya tsiro mini a ƙahon zuci, kamar an aje garwashi. Ƙarfe biyu na dare shi ke tashe ni. In na kurɓi fura ya lafa, bayan awa guda ya dawo. Ga gyatsa mai tsami, ga tashin zuciya. Tsohuwata ta jiƙa mini kanwa, ina sha ina jin sanyi nan take, amma washegari jiya i yau.

Shekaranjiya dai na je asibiti. Lokotoro ya danna mini ƙahon zuci na zabura, ya tambaye ni launin bayan gidana, ya tambayi abin da nake sha. Da na fito da kwalin ƙwayar daga aljihu sai ya girgiza kai. Ya faɗi wata kalma da Faransanci, sannan ya ce da Hausa wai kumburi ne a tumbina. Ya rubuta ordonas, omeprazol, maganin rage ruwan tsamin tumbi, ya ce in bar diklofenak ɗin nan yau ba gobe ba, kuma in kai bayan gida a auna. Layi ya yi tsawo a bayana, ban samu na tambaye shi komai ba.

To ga abin da ya dame ni. Cikina bai kumbura ba, ramewa ma na yi, sai da na ƙara huda bel. Ina kumburin yake? Na biyu, mai tebur da kansa ya ce mini diklofenak maganin kumburi ce. Yaya maganin kumburi zai kawo kumburi? Na uku, awon bayan gidan nan dole ne? Kun san yadda jika take wuyar samu yanzu da kuɗin esansi.

Na Ɗan Isa:

Wa alaikumus salam. Abokina dattin ciki ne kawai, mu duk masu hawan moto muna fama da shi. Ka samu mai maganin gargajiya ya haɗa maka na wanki, ka yi gudawa sau uku ko huɗu, ka tashi garau. Awon nan cin kuɗi ne.

Baba Majo mai ritaya:

Ɗana na Ɗan Isa, Allah ya shirye ka. Mutum tumbinsa ya saɓule, ka ce a ƙara masa da maganin gudawa? Kada ka kuskura, mai kabu-kabu.

Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin jinya a ƙauyuka da birni kafin in aje, tambayarka ta farko kuwa na sha jin ta. Laifin na kalmar ne. Mu da Hausa in an ce kumburi, sai ido ya tafi ga abin da ya tasa ya yi suntum. Abin da likitoci ke nufi ya fi haka faɗi. Ka tuna lokacin da apolo ta kama ka: ido ya yi ja, yana zafi, yana ruwa, yana ƙaiƙayi kamar an zuba yashi. Kanka ya ƙara girma? Bai ƙara ba. To irin wannan ne ke cikin tumbinka. Da za a zura abin hangen nan mai fitila ta maƙogwaro, fatar cikin tumbin za a gani ta yi ja, ta ɗan tasa, wani wuri ta ƙuje. Daga waje ba a ganin komai.

Bari in ɗauko shi daga tushe. Ƙaya ta soke ka a tafin ƙafa. Naman da ya ji rauni da ƙwayoyin tsaron da ke zaune a wurin sai su saki wasu sinadarai, ɗaya daga ciki sunansa histamin, wani kuma furostagilandin. Waɗannan su ne ƙararrawa. Ƙananan hanyoyin jini na wurin su buɗe, jini ya kwararo da yawa, shi ya sa wurin ke ja, yana ɗumi. Bangon hanyoyin jinin ya ɗan saki, ruwa ya tsattsafo cikin nama, shi ne tasawar. Ta waɗannan kafofin fararen ƙwayoyin jini ke kutsowa, su haɗiye ƙwayoyin cuta da mataccen nama. Ruwan mugunyar da kake matsewa daga maruru, yawancinsa gawarwakin waɗannan fararen ƙwayoyin ne da suka mutu a bakin aiki. Zafin kuwa, sinadaran nan ne ke tsokanar jijiyoyi, don ka daina taka ƙafar har ta warke. Ja, ɗumi, tasawa, ciwo: alamomi huɗu ke nan, kuma wani marubucin Rum mai suna Selsus ya lissafa su tun kusan shekara 2000 da suka wuce, har yau su ake koya wa ɗalibai.

Ka ga ke nan kumburi ba abokin gaba ba ne tun asali. Ba don shi ba, ƙaya guda sai ta kai mutum kushewa. Kamar wutar sassabe ne, manomi da hannunsa yake cinna ta don ya gyara gona. In ta cinye tarkace ta mutu, madalla. In kullum ana ƙara mata kara, ba ta mutuwa, wata rana sai ta lasa rumbu. Ƙayar ƙafa ana cire ta a huta. Kai taka ƙayar kana haɗiye ta sau biyu a yini, wata bakwai.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi daɗi, kuma mai tebur bai yi ƙarya ba, rabin magana dai ya sani. Diklofenak da ibuprofen da asfirin duk gida ɗaya suke, aikinsu hana jiki ƙera furostagilandin ɗin nan. In babu shi, ƙugu ya daina kuka. To amma a tumbi wani aiki ne daban gare shi. Tumbi yana zubo ruwan asid mai ƙarfin gaske don narka abinci da kashe ƙwayoyin cuta. Abin da ya hana asid ɗin cin tumbin kansa shi ne wani yauƙi mai kauri da ke shafe a jikin bangon, kamar yadda ake yaɓe ɗaki kafin damina. Furostagilandin shi ke sa a yi ta zubo yauƙin, shi ke sa jini ya wadata a bangon. Ƙwayar da ka haɗiya ba ta san ƙugu daban tumbi daban ba, duk inda jini ya kai ta sai ta kashe. Yaɓe ya yi sirara, asid ya taɓa nama, nama ya buga ƙararrawa, kumburi ya tashi. In aka ci gaba, ƙujewar ta zama rami, shi ne gyambon ciki da kuke kira olsa. In ramin ya faɗa kan hanyar jini, sai zubar jini. Dalilin da ya sa lokotoro ya tambaye ka launin bayan gida ke nan.

Wannan ka riƙe shi da kyau: in ka ga bayan gida baƙi wuluk kamar kwalta, mai danƙo da mugun wari, ko ka yi amai da jini, ko amai mai kama da garin kofi, ko jiri ya ɗebe ka in ka miƙe, ko ciki ya ɗaure tamau kamar katako da ciwo mai tsanani, ka bar moto inda take a kai ka asibiti, ko da tsakar dare ne.

Awo kuwa, ka yi shi. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Helikobakta pailori da ke iya rayuwa cikin asid ɗin tumbi, tana lafewa ƙarƙashin yauƙin. Yawanci tun ana yara ake ɗaukarta, kuma a ƙasashenmu na Afirka ta yi yawa ƙwarai. Da yawa suna ɗauke da ita ba su san komai ba, amma tana riƙe tumbi cikin kumburi na shekaru. Lokacin da na fara aiki ana koya mana cewa tunani da yaji ke kawo olsa. Wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a farkon shekarun 1980, aka ƙi yarda da su, har Marshall ya kurɓi ruwan da ya noma ƙwayar a ciki a 1984, tumbinsa ya kumbura cikin ƴan kwanaki. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. In kana da ita, ga kuma diklofenak a kai, an haɗa maka biyu ke nan, kuma omeprazol kaɗai ba zai kore ta ba. Sai an haɗa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu ko fiye, na kwana 10 zuwa 14, a sha har ƙarshe.

Wani abu da layi ya hana a gaya maka: omeprazol na iya ɓoye ƙwayar cutar, awo ya fito babu alhali akwai. In ba ka fara sha ba, kai bayan gidan tukuna. In ka fara, ka gaya wa lokotoro da mai awon.

Inna ta Sabon Gari:

Sannu ɗana, Allah ya ba ka lahiya. Ɗiyata ce ke rubuta mini, ni ke faɗa.

Majo, ka yi bayani mun gode, amma ban ji ka ce komai kan kanwa ba, kuma na san halinku, shirun nan raini ne. Mu da kanwa aka rene mu. Kuma ni ina ganin rabin ciwon yaran yanzu rashin cin abinci ne na kirki. Mutum ya fita tun duhu da ruwan shayi baƙi ƙirin a ciki, da rana ya tsaya bakin hanya ya ci taliya da mai da yaji, ya kora da lemun kwalba. Ina hura? Ina tuwon hatsi da miyar kuka? Maigidana, Allah ya jiƙansa, har ya tsufa bai san wata olsa ba, kuma kullum sai ya sha hura da nono kafin ya tafi gona, da marece a kwaɗa masa zogale da ƙuli-ƙuli. Kai dai ka sa matarka ta dama maka kunu kafin ka fita, in ba ka da mata ka gaya mini.

Baba Majo mai ritaya:

Hajiya, wane ni in raina ki. Kanwa tana kashe kaifin asid nan take, sanyin da yake ji gaskiya ne, ba tsammani ba. Amma na ɗan lokaci ne, ba ta gyara yaɓen da ya zube, kuma gishiri ne cunkus a cikinta, mai hawan jini ko ciwon ƙoda in ya mai da ita abin sha kullum zai sha wuya. Babbar illarta a wajen yaron nan, tana rufe bakin ciwon ya ci gaba da haɗiyar ƙwaya. A miyar kuɓewa dai ba ni da ja.

Maganar abinci kuwa kin fi ni gaskiya, sai dai amfaninsa ya fi yawa a can ƙasa, a babban hanji. A nan akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, adadinsu ya wuce lissafin biliyoyi, zaune lafiya da mu. Dusar hatsi, wake, zogale, kuka, rama, yakuwa, duk suna da wani harza da cikinmu ba ya iya narkawa. Waɗannan halittun su ke cin sa, su fitar da wasu sinadarai, ɗaya ana ce masa butiret, wanda shi ne babban abincin fatar babban hanji, kuma yana kwantar da ƙwayoyin tsaro kada su tashi faɗa ba dalili. Fatar hanji kuwa siririya ce ƙwarai, layi ɗaya ne tak na ƙwayoyin halitta tsakanin kashi da jini, kuma cikin kwana 3 zuwa 5 take sabunta kanta. Mai irin wannan aiki yana son ci. Wanda ya koma farar taliya da farin burodi da sukari zalla ya bar su da yunwa. Wanda kuma duk ciwon kai sai ya sayi kafso ja da rawaya na kashe ƙwayoyin cuta wajen mai tebur, yana kashe na kirkin tare da miyagun.

Nono mai tsami abu ne mai kyau, in dai ruwan da aka dama furar da shi mai tsabta ne. A nan ake yawan faɗuwa.

Uwar Biyu, Madarunfa:

Baba Majo ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni ba olsa ce ta kawo ni ba, amma tunda ana maganar hanji bari in faɗi nawa, ko wani ya amfana.

Ƙanena yana da shekara goma sha ɗaya zazzaɓi ya kama shi. Muka ce na sauro ne, aka sayo magani, bai sauka ba. Sati biyu yana kwance yana tashi, ba ya cin abinci, yana cewa cikinsa. Muna ta jiƙe-jiƙe. Daren wata Laraba ya ƙwalla ƙara, na taɓa cikin na ji shi kamar ganga, ko yatsa ba ya shiga. Kafin a samu mota a kai shi Maraɗi gari ya waye. Aka ce taifot ce ta huda masa hanji, aka shiga da shi tiyata. Wanda ya yi aikin ya nuna wa babanmu girman ramin da kan yatsarsa, bai kai ƙwayar wake ba. Ya ce a ƙarshen ƙaramin hanji akwai wasu ƴan curi-curi inda ƙwayoyin tsaro ke taruwa, nan taifot ke shiga, wurin ya kumbura, ya ruɓe, ya ɓule. Yaron ya rayu, alhamdu lillahi, amma sai da muka sayar da tumaki biyu da buhun gujiya, kuma shekara guda bai koma makaranta ba.

Tun daga nan, da kuma kwalarar da ta shigo mana a 2018, ba na wasa da ruwa. Tagwayena ba su shan ruwan da ban tafasa ko na sa masa magani ba, ko da kakarsu za ta yi fushi. Tambayata Baba, ɗayan, Husaini, ba ya gudawa yanzu, yana ci, amma ɗan'uwansa ya ba shi tazara a tsawo. Yana da alaƙa da gudawar da ya yi ta yi lokacin yaye?

Baba Majo mai ritaya:

Ƴata, ba zan yanke hukunci kan yaron da ban gani ba, ki kai shi a auna nauyinsa da tsawonsa da damtsensa. Amma alaƙar tana yiwuwa. Cikin ƙaramin hanji ba sumul yake ba. In kin taɓa wanke hanjin rago da Babbar Salla kika juya shi, kin ga yana da laushi kamar gashin tawul. Waɗannan ƴan tsirarrakin su ke tsotse abinci su kai jini. Yaron da kullum ƙazanta ke shiga bakinsa, daga ƙasar tsakar gida, kashin kaji, ruwan randa da kowa ke tsoma moɗa, hanjinsa na zama cikin ƙaramin kumburi wanda ba ya mutuwa, tsirarrakin su gajarce su daƙushe. Yana ci, amma abincin na wucewa, kuma ɗan abin da ya samu jiki na kashe shi wajen faɗa maimakon girma. Ba lalle a ga gudawa ba. In kuma gudawar ta zo, ruwan gishiri da sukari na asibiti, da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, don zinc na taimaka wa fatar hanji ta farfaɗo. Kada a daina ba shi abinci wai don ciki ya huta.

Mai Kabu-kabu na Bagalam:

Baba Majo, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Maganar apolo ita ta warware mini. Sa'a na ci, ban sayi omeprazol ɗin ba sai yau, don haka da safe na fara kai bayan gidan, an ce in dawo jibi. Kwalin diklofenak na jefa shi masai, kada in gan shi a aljihu zuciya ta raya mini. Na kuma duba abin da ka ce in duba, ba baƙi ba ne.

Inna, ina da mata, kuma ta ji saƙonki, yau da kunun tsamiya na fita. Na Ɗan Isa, kai ma na san abin da ke aljihun rigarka, ka karanta abin da Baba ya rubuta.

Uwar Biyu, Allah ya raya su Hassan.

Saura ƙugu. Yau kwana uku ba ƙwaya, ya dawo da ƙarfinsa, ɗazu a gaban kasuwa sai da fasinja ta jira ni na miƙe. Abokan aiki wani ya ce tramol, wani ya ce deksa. Me zan sha wanda ba zai taɓa tumbin ba?

Baba Majo mai ritaya:

Ba tramol, ba deksa. Ta farko in ta kama ka ba ta saki, kana kuma ɗauke da ran mutane a bayanka. Ta biyu in ta haɗu da irin su diklofenak ƙara haɗarin zubar jini take yi, ban da sauran ɓarnarta. Farasitamol ba ya taɓa yauƙin tumbi kamar su diklofenak, shi za ka riƙe kafin jibi, daga farmasi, kuma kada ka wuce yadda aka rubuta, don shi ma in ya yi yawa hanta yake ci. Ka kula da ƙwayoyin mura da na ciwon jiki masu haɗe-haɗe, da yawa akwai ibuprofen ko asfirin a ɓoye ciki, ka sa a karanta maka kwalin. In kana shan taba, gyambo ba ya son warkewa da ita. Shayin nan mai kauri ka jinkirta shi sai ka ci wani abu.

Jibi in ka koma, kada ka bari layi ya kore ka, ka ce wa lokotoro ƙugu ne mafarin komai, ya duba shi. Kuma ka kai moton nan wajen bakanike ya duba maka shakzoba na baya da soson sirdi. Rannan na hau bayan wani ɗan'uwanku daga Mokoyo zuwa asibiti, da na sauka ni ma sai da na dafa bango.